Kajin Inna a Ƙasar Gwari

Da sunan Allah nake farawa. Tun da na dawo daga ƙasar Gwari ban taɓa zama a zauren ɗinki ba sai wani ya ce, "Mani, ba mu labari." Na ba da shi a zaure, na ba da shi a bakin rijiya, har na fara jin ana maimaita shi da ƙari. Wai na kashe zabin gari guda, wai an ɗaure ni a jikin bishiya. Ba a yi ko ɗaya ba. Shi ya sa na nemi takarda in rubuta yadda abin ya gudana. Karatuna bai wuce na allo ba, wanda ya ga kuskure a rubutun ya gyara, amma maganar ya bar ta yadda take.

Yayata Rakiya tana aure a wani ƙauyen Gwarawa can bayan Ɗandume, sai an haye kogi. Mijinta Tanko maƙeri ne, mutumin Tsiga kamar mu. Gwarawa ne suka ba shi wuri ya zauna yana ƙera musu fartanya da gatari, gidansa kaɗai ne gidan Hausawa a garin. Zaman aro suke yi. Ranar da mai gari ya ce su tashi, sun tashi.

A farkon damina wani falke ya kawo wa Inna saƙon Yaya. Muzurun daji ya cinye mata kaji tas, ga zabinta sun fara ƙwai, babu mai kwanta musu. Kowa ya san halin zabuwa, ta zuba ƙwai a ciyawa ta tafi yawonta, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Kaza ake sa wa ƙwan. Yaya ta roƙi Inna ta aiko mata da kaji masu kwanci, don kajin Inna sun yi suna a wannan aikin.

Abin da ya dame ni shi ne a wannan shekarar 'yan tsaki na mutuwa a Tsiga. Sai ka ga ɗan tsako ya saki fiffike ya takure a gindin danga, kashinsa da jini, ba ya daɗewa ya mutu. A gidanmu ma mun yi asarar da dama.

Na ce, "Inna, kajin nan daga gidan ciwo za su fita."

Ta ce, "Ka ga mai ciwo a cikinsu?"

"Ban gani ba."

"To me kake so in yi? In bar 'yata ta kwanta kan ƙwan da kanta?"

Ta zaɓi manya huɗu, ta ƙara da sagaru biyu, wato 'yan kajin da ba su fara ƙwai ba, ta ce waɗannan na Yaya ne ta yi iri. Na sa su a babban kwando mai marfi, na shimfiɗa musu ganye a ƙasa.

Ba a bin wannan hanya mutum shi kaɗai saboda mahara, don haka na shiga ayarin wasu masu kanwa. Madugunsu Malam Barau ne, dattijo mai dariya da yawa. Ya ce in ɗora kwandon a kan jaki, na ce girgiza za ta wahalar da su, a ka zan ɗauka. Ya dube ni ya ce, "To Allah ya ba wuyanka haƙuri." Kafin mu wuce Bakori na san abin da yake nufi. Kaji ba sa zama wuri ɗaya a kwando, in sun karkata hagu sai kai ma ka karkata. Abin da suke yi kuma ba duka ganyen yake tarewa ba. Hular da na ɗinka domin tafiyar, a Bakori na cire ta na sa a aljihu.

Zangonmu na farko Funtuwa, ɗan gari a gindin dutse. Muka sauka gidan fatoma, mai saukar fatake. Matarsa ta kawo mana ruwa, ta ce in saki kajin su sha iska tare da nata. Na ce a'a, na faɗa mata daga inda suka fito da abin da ake ciki a Tsiga. Malam Barau yana ta taka mini ƙafa, ban gane ba sai da na gama. Matar ta janye ƙwaryar ruwan ta ce da ni da kwandona can wajen turken jakuna. Can aka kawo mini tuwona. Tuwon dawa ne da miyar kuka, an sa daddawa sosai, na ci ina kore ƙuda. Ban ji haushinta ba, da ni ne ita haka zan yi.

Da gari ya waye na buɗe kwandon in ba su ruwa, sai na ga ɗaya daga cikin sagarun ta takure, ido a rufe. Na ɗaga ganyen, ga jini. Na kira Malam Barau na ce zan koma gida.

Ya ce, "Kai kaɗai? Ka koma ka ce wa tsohuwa me? Yanka wannan, sauran lafiyarsu lau. Dubi yadda waccan ja take hararata."

Na yanka ta, na feɗe don in ga abin da ke ciki. Kusa da ƙarshen hanji akwai wasu 'yan ziri biyu masu rufaffen baki kamar 'yan zabira. Su na tarar sun kumbura, cike da daskararren jini. Na haƙa rami na binne kayan cikin, na ɗora dutse don kada kare ya tono. Masu kanwa suka gasa naman suka cinye, suna cewa wuta ta fi ciwo ƙarfi. Ni ban ci ba. Na ƙone tsohon ganyen na sa sabo, muka kama hanya.

Daga Funtuwa zuwa Ɗandume daji ne mai duhuwa, ƙasa ja, ruwa ya sauka hanya duk laka. A wata mararraba muka tarar da wata Bafillatana tana sayar da nono, kusa da ita wani maharbi yana hutawa da makwarwa biyu a rataye. Muka zauna shan fura. Hankalina ba ya wajen furar, don tun safe tunani ɗaya nake yi. Ashe ba kajin Yaya ne abin tsoro ba, tunda ba ta da su. Zabi ne. Na tambayi maharbin ko ciwon kaji yana kama zabi.

Ya ce, "Wane ciwon?"

Na kwatanta masa. Ya ce shi dai ya feɗe zabin daji da makwarwa ba iyaka. Suna da nasu ciwon ciki, wani lokaci ka sami makwarwa ta rame hanjinta ya lalace. Yana watsa wa kajin gidansa irin wannan hanjin, bai taɓa ganin ya yi musu komai ba. A ganinsa kowane tsuntsu da nasa.

Bafillatanar ta ce, "Kai dai faɗi abin da ka sani. A rugar goggona kaji da zabi da agwagi rana ɗaya suka zube. Ko ɗaya ba a tsira da shi ba."

Maharbin ya ce, "Da jini a kashinsu?"

"Wa ya tsaya duba kashi? Mutuwa suka yi."

Ya ce wannan wani ciwo ne daban. Ta ce shi ya sani. Suka koma gardamar farashin makwarwa, suka bar ni da magana biyu a ka. Na lura a hanya, ta Bafillatanar ce ta fi zama mini.

Bayan Ɗandume muka iso kogin da ya raba ƙasarmu da ta Gwari. A bakinsa akwai rumfa, da wani ƙato mai karɓar fito a madadin sarki. Ya ɗebi kanwa daga kowane jaki. Da ya zo kaina ya buɗe kwandon ya ce jar nan tasa ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗauki, amma ba zan ɓoye maka ba." Na faɗa masa labarin sagarar da 'yan zabirar hanji. Ya rufe marfin a hankali, ya goge hannunsa a jikin rumfar, ya ce in wuce, kada in ƙara tsayawa kusa da shi. Malam Barau ya yi dariya har da hawaye, ya ce shekara da shekaru yana bin hanyar nan bai san wannan dabara ba, badi kanwarsa ma za ta yi zawo. Na ce masa ba dabara ba ce. Ya ce ya sani, abin dariyar ke nan.

Babu jirgi a wannan mashigi. Ƙaton masaki suke da shi, a sa kayanka a ciki, ka kama bakinsa da hannu biyu, mai fito ya kama ɗaya gefen yana iyo yana ja. Jakuna kuwa ja ake yi da igiya. Ban iya ruwa ba. Aka sa kwandon a masaki, na kama na rufe ido ina karanta duk abin da na haddace. A tsakiya kajin suka karkata gefe ɗaya yadda suka saba, masakin ya ɗebi ruwa, mai fiton ya zage ni da harshen da ban ji ba. Muka fita can ƙasa da inda muka nufa, takalmina ɗaya ya tafi.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasar Gwari, mata ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗorawa, wajen ƙeya, komai nauyinsa, itace ne ko tulu. Sun ce kai ya fi ƙarfin a yi masa dako. Da suka gan ni da kwando a ka suka tsaya suna nuna ni suna dariya, kamar yadda da su ne suka zo Tsiga yaranmu za su bi su. Noma kuwa ban ga kamarsu ba. Kunyar doya suke tarawa kamar ƙananan kaburbura, gona iyakar ganinka. Ba sa salla, amma baƙo ba ya wuce ƙofarsu da yunwa. A wani ƙauye aka miƙo mini giya, na ce ba na sha. Ba su ji haushi ba, wata tsohuwa ta tashi ta gasa mini doya ta kawo da barkono da gishiri. Mu a Tsiga doya abincin marmari ce, can kuwa yara ne ke yawo da ita a hannu.

Ayari ya wuce, ni na ratse zuwa garin su Yaya da rana tsaka. Tun daga nesa na ji kukan zabi. Ban taɓa ganin zabi da yawa haka ba, kowane gida da nasa, kuma garke ɗaya suke kiwo, da yamma su hau manyan itatuwan bakin gari. Da su Gwarawan suke samun gishiri da zane. Na yi niyya a raina kajin nan ba za su fita kwando ba sai na yi magana da Tanko, in ya so a yi musu akurki can bayan gari.

Yaya ta fito da gudu ta rungume ni tana kuka tana tambayar Inna. Ta ce, "Dubi yadda ka koma, kamar an tono ka. Ina takalminka?" Tanko yana gona. Na ajiye kwandon a inuwar rumbu na ce, "Yaya, kada a taɓa wannan, akwai magana." Ta ce to. Ta kai mini ruwa bayan ɗaki, na yi wanka na yi azahar.

Da na fito kwandon a buɗe yake. Kajin Inna na tsakar gida suna tono, zabi kewaye da su suna tsattsage dawar da Yaya ta watsa, suna shan ruwa a kasko ɗaya.

Na ce, "Yaya, na ce kada a taɓa."

"Ai ban taɓa ba, buɗewa na yi. Bayin Allah suna haki, ka bar su a rufe?"

Na faɗa mata komai. Tanko ya dawo na sake faɗa masa. Tsakanina da shi akwai wasa na ƙanen mata, ya ce, "Yanzu tun daga Tsiga ka ɗauko mana zawo a ka? Inna ba ta da goro ne?" Amma na ga dariyar ba ta kai ciki ba. Ya ce a yi shiru, mai yiwuwa ba abin da zai faru.

Na ce, "Zabin mutane ne. In ciwon ya shiga, gara su sani da wuri su raba nasu."

"Mani, nan ba Tsiga ba ne. Nan ba ni da kawu."

Na kwana da abin. Da safe na ce masa ni dai ba zan iya ɓoyewa ba, in bai raka ni wurin mai gari ba zan je ni kaɗai. Ya jefar da guduma ya raka ni, don kada in je in ɓata fiye da haka.

Mai garin tsoho ne, gajere, yana zaune kan dutse yana gyara ƙotar fartanya. Yana jin Hausa kaɗan, sauran Tanko ya fassara. Ya saurara har na gama. Ya ce shekarun baya wani baƙo ya taɓa kawo musu ciwo, zabi suka ƙare, sai da suka yi damina biyu babu gishiri a miya. Ya ce yanzu raba su ba shi da amfani, sun riga sun sha ruwa ɗaya. Za a jira a gani. In zabi suka fara faɗuwa, maƙeri ya girbe dawarsa ya tashi. Bai ɗaga murya ba, ya ci gaba da gyaran ƙotarsa.

Yaya ba ta yi mini magana ba kwana da kwanaki. Tana ajiye mini tuwo a ƙofar ɗaki ta juya. Sau ɗaya ta ce, "Na haifi 'ya'yana a garin nan, na binne ɗaya a garin nan. Kai kuma ka zo da gaskiyarka." Har yau in na tuna ina tambayar kaina ko Tanko ne mai gaskiya, sai in ga da an sake maido ni wurin, da na sake zuwa na gaya wa mai gari.

Komawa gida ba ta yiwu ba, kogi ya cika, kuma ko da hanya ba zan tafi in bar su cikin abin da na jawo ba. Na zauna ina yi wa Tanko zuga a maƙera, ina ɗinke musu tsofaffin riguna. Kajin Inna kuwa ba su san ana yi ba. Uku suka yi kwanci, Yaya ta tsinto ƙwan zabi daga ciyawa ta sa musu. Ɗayar ta ci gaba da ƙwai, zakaran maƙwabta yana zuwa. A nan na ga wata dabara da ba mu cika yi ba a gida. Bayan kamar mako guda sai Yaya ta ƙara ƙwan kaza biyu-uku a ƙarƙashin kowace. Ƙwan zabo ya fi daɗewa, in an yi haka sai su fashe tare, 'yan tsakin su koya wa 'ya'yan zabin cin abinci.

Kullum da sassafe, zabi na sauka, sai in tafi gindin itatuwan da suke kwana da ɗan tsinke ina duba kashinsu. Matan garin masu zuwa rafi suka sa mini suna da harshensu, Tanko ya ƙi fassara mini. Wata rana na ga ja a ƙasa. Na ɗauko a ganye na kawo maƙera. Tanko ya duba, ya shinshina, ya ja ni bayan gari ya nuna mini wani ɗan itace mai jajayen 'ya'ya, zabi sun kewaye shi suna ci. Ya ce, "Gobe ka ɗanɗana kafin ka tayar mini da hankali."

Ƙwai suka fashe. Kowace kaza tana yawo da tarin 'ya'yan zabi masu zane a ka, da 'yan tsaki a tsakaninsu. Ana kife musu tukunya da karan dawa a kan shuri, da safe a ɗauko cike da gara a zazzage musu. Wuri ɗaya suke ci, wuri ɗaya suke kashi, ƙarƙashin fiffike ɗaya suke kwana. Na san in akwai inda ciwon zai tsallaka, to nan ne, don ƙanana yake kamawa.

Sun fara fitar da gashin fiffike ke nan, ruwa ya yi kwanaki yana zuba, tsakar gida ta jiƙe. Wata safiya na ga ɗan tsakon jar kaza ya takure a gindin rumbu, fiffike a sake. Ban ma bukaci tsinke ba. Kafin yamma wani ya bi shi. Washegari na farkon ya mutu.

Yaya ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Shi ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ta shiga ɗaki, na ji tana sauke tukwane daga jere. Tanko bai hura wuta ba ranar. Ni kuwa na zauna a kan turmi ina kallon 'ya'yan zabi, ina jiran wanda zai fara sakin fiffike. Suna ta gudu suna bin fara. Na ce gobe ne. Gobe ta yi, wani ɗan tsako ya sake mutuwa, a garken wata kazar. 'Ya'yan zabi suna tono a daidai inda ya yi kashin jininsa, na kore su suka dawo. Aka yi kwanaki haka. 'Yan tsaki kusan rabi suka tafi, sauran suka rame suka farfaɗo. Ɗan zabo ko ɗaya bai takure ba. Manyan da ke kan itatuwa kuwa ƙararsu ma ƙaruwa ta yi.

Labari ya kai wa mai gari, don ni na aika. Ya zo da hantsi yana dogara sanda, mutane biye da shi. Ya ce a kawo masa wanda ya mutu. Ya zaro 'yar wuƙa ya feɗe shi a kan dutse, ya ja hanjin har ya kai ga 'yan zabirar nan biyu, ya matsa da yatsa. Ya faɗi wata magana, mutanen bayansa suka yi guna-guni, wata mata ta yi dariya.

Na ce, "Tanko, me ya ce?"

"Ya ce wannan ne?"

Tsohon ya juyo gare ni da Hausarsa. Ya ce wannan ciwon 'yan tsaki ne na damina, suna da shi tun yana yaro, ba daga ƙasarmu ta Katsina ya fara zuwa ba. Ya ce na kaza ne, a kaza yake tsayawa. Zabi suna da nasu mai kama da shi, shi ma ba ya shiga kaza, kowanne ya san gidansa. Wanda ya ji tsoro shi ne mai kashe manya dare ɗaya, kai ya kumbura, wanda ba ya tambayar ko kai wane tsuntsu ne. Ya ce da baki ba zai iya rabe su ba, sai ya gani da ido. Ya sunkuya ya kama ɗan zabo ɗaya, ya juya shi ya duba ƙarƙashinsa, ya sake shi. Sannan ya tambayi Tanko ina gatarin da ya ba shi gyara, yaushe za a hura wuta.

Da suka fita na koma kan turmin na zauna. Na yi ta godiya ga Allah a raina. Tanko ya zo ya dafa ni ya ce, "Tashi ka yi zuga, malamin kashi." Na ce ashe sunan da matan suka sa mini ke nan. Ya ce a'a, nasu ya fi wannan muni. A ɗaki na ji Yaya tana mai da tukwane kan jere. Ranar ta yi tuwon shinkafa, kuma ba a ƙofa ta ajiye ba, ta shigo da shi ta zauna har na gama.

Don haka masu tambayata ko ciwon kaji yana kama zabi, ga iyakar abin da na sani. Mai jinin nan na 'yan tsaki, na ga ya ci kasko ɗaya da 'ya'yan zabi bai taɓa su ba. Sauran cututtuka ban sani ba, kada wani ya ce ni na ce.

Da ruwa ya ja, Malam Barau ya biyo da ayarinsa za su gida, na shiga. Tanko ya ƙera wa Inna sabuwar wuƙa, mai gari ya aiko mini da doya, wata maƙwabciya ta nuna mini yadda zan ɗora ta a kafaɗa, na gwada na kasa. Yaya ta raka ni har bakin gari, 'ya'yan zabinta sun zama 'yan samari suna bin ta a baya. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Ta ce, "Ka gaya wa Inna kajinta sun yi aiki, Allah ya saka mata. Ka kuma gaya mata badi ta aiko wani, ba kai ba."

Na iso Tsiga lafiya, na gaya wa Inna duka biyun.